Filadelfiya: Birnin Da Aka Rubuta 'Yanci, Aka Kuma Sa Masa Takunkumi

Duk wanda Allah ya kai shi birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, da wuya a bar shi ya kwana biyu ba a ja shi zuwa Titin Chestnut ba, tsakanin Titi na Biyar da na Shida, inda waɗansu tsofaffin gine-gine uku na jan bulo suke jere kamar 'yan ɗaki ɗaya. Na tsakiya, mai hasumiya da agogo, shi ne Zauren 'Yancin Kai. A cikinsa aka amince da takardar ɓallewa daga mulkin Ingila a shekarar 1776, a cikinsa kuma aka rubuta tsarin mulkin ƙasar a 1787. Shi ne wanda jama'a suke yi wa layi tun da sanyin safiya, hotonsa ne kuma yake bayan takardar kuɗi ta dala 100. Na gabas tsohon ofishin hukumar birni ne, wanda Kotun Ƙoli ta ara ta zauna a ciki daga 1791 zuwa 1800. Na yamma kuwa, a kusurwar Titi na Shida, shi ne Zauren Majalisa, ƙaramin bene wanda yawancin masu ziyara sukan leƙa a gurguje su wuce.

Alhali kuwa a wannan gini na yamma ne, cikin watannin Yuni da Yuli na shekarar 1798, wakilan jama'ar Amurka suka zartar da dokoki huɗu waɗanda suka tsawaita wa baƙo hanyar zama ɗan ƙasa, suka ba Shugaban Ƙasa ikon korarsa ba tare da shari'a ba, kana suka mai da sukar gwamnati laifin da zai kai mutum gidan waƙafi. Daga ƙofar zauren da aka rubuta 'yanci zuwa ƙofar wanda aka sa masa takunkumi, tafiyar ba ta kai ta minti ɗaya ba.

BIRNI TSAKANIN KOGUNA BIYU

Filadelfiya tana cikin Jihar Pensilbaniya, kimanin mil 95 kudu maso yamma da Niyok, da kimanin mil 140 arewa maso gabas da Washington. William Penn ne ya kafa ta a 1682 tsakanin Kogin Delaware da Kogin Schuylkill, ya raɗa mata suna daga harshen Girka mai ma'anar ƙaunar 'yan uwa. An shata titunanta kamar gidan dara. Waɗanda suka miƙe kudu da arewa da lamba ake kiransu, waɗanda suka ratsa gabas da yamma kuwa da yawansu sunayen itatuwa aka ba su. Saboda haka baƙo ba ya ɓata, kuma duk wuraren da za a ambata a nan mutum yana iya zaga su da ƙafa tsakanin hantsi da azahar.

Daga 1790 zuwa 1800 nan ne hedkwatar ƙasa, kafin a gama gina Washington. A wannan zamani babu tashar jiragen ruwa a Amurka da ta fi tata tara baƙi iri-iri. Akwai Jamusawa, akwai mutanen Ailan masu gudun mulkin Ingila, akwai Faransawa waɗanda juyin mulkin 1789 ya koro, da waɗansu Faransawan da suka tsere daga tsibirin da ake kira Haiti a yau, bayan bayi sun yi tawaye a 1791. Cikin 'yan gudun hijirar nan har da wani mai suna Talleyrand, wanda ya zauna a birnin daga 1794 zuwa 1796. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin zai sake fitowa.

CIKIN ZAUREN

An gina Zauren Majalisa tsakanin 1787 da 1789 don ya zama kotun yanki, aka ba majalisar ƙasa aronsa, aka kuma ƙara masa tsawo a 1793 sa'ad da wakilai suka yi yawa. Ba a biyan ko kwabo wajen shiga, sai dai a binciki jakar mutum a ƙofar harabar, sa'an nan ma'aikatan hukumar kula da wuraren tarihi, masu malfuna da faɗin baki, su shigar da jama'a rukuni-rukuni.

Ƙasa ita ce Majalisar Wakilai. Tebura na katako mai duhu sun yi layi-layi a lanƙwashe kamar jinjirin wata, suna fuskantar mazaunin shugaban majalisa. Ɗakin bai kai girman da mutum yake tsammani ba, ga shi kuwa wakilai 106 daga jihohi 16 ne suka taɓa cushewa a ciki. A nan John Adams ya yi rantsuwar kama mulki ran 4 ga watan Maris 1797, George Washington yana zaune yana kallo, abin da ya ba duniya mamaki a lokacin da ba a saba ganin mai mulki ya sauka da ransa da lafiyarsa ba.

A wannan ɗaki kuma aka yi abin kunya bayan kusan shekara guda. Ran 30 ga watan Janairu 1798 Roger Griswold, wakili daga Connecticut, ya yi wa Matthew Lyon, wakilin Vermont, gori a kan tarihinsa na soja, Lyon kuwa ya tofa masa yawu a fuska. Da aka kasa samun kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da za a kori Lyon, sai Griswold ya ɗauki doka a hannunsa. Ran 15 ga watan Fabrairu ya shigo da sanda ya hau Lyon da duka, shi kuma ya zaro awartakin murhu ya tare, suka yi ta birgima a ƙasa har aka janye su da ƙafafu. Lyon haifaffen Ailan ne, ya zo Amurka yana yaro, ya biya kuɗin jirginsa da aikin ƙarfi. A wurin abokan hamayyarsa shi ne ainihin irin baƙon da bai kamata a bari ya hau kujerar mulki ba.

In aka hau matakala sai a tarar da Majalisar Dattijai, ɗaki ƙarami amma ya fi ƙawa, da darduma mai hoton gaggafa. A ɗakunan kwamiti na gefe akwai hotunan Sarkin Faransa Louis na 16 da matarsa, a madadin waɗanda Faransa ta ba Amurka kyauta tun zamanin da sojojinta suka taimaka aka kori Ingila. A wannan bene ne cikin watan Fabrairu 1794 dattijai suka soke zaɓen Albert Gallatin, haifaffen Janeba, da ƙuri'a 14 a kan 12, wai bai cika shekara tara da zama ɗan ƙasa ba. Gallatin ya koma gida, jama'arsa suka sake zaɓensa, ya dawo ya zauna a majalisar ƙasa. Shi ne ya jagoranci masu adawa da dokokin 1798.

ABIN DA YA KAWO TSORO

Kafin a yi wa mutanen wancan zamani hukunci, ya kamata a san halin da suke ciki. Faransa da Ingila suna yaƙi tun 1793. Da Amurka ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Ingila a 1794, Faransa ta ɗauki abin cin amana ne, ta shiga kama jiragen 'yan kasuwar Amurka a teku, har suka haura 300 kafin tsakiyar 1797. A gida kuma an rabu biyu. Jam'iyyar 'Yan Tarayya, ta su Adams da Alexander Hamilton, tana son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da zumunci da Ingila. Jam'iyyar 'Yan Jamhuriya, ta su Thomas Jefferson da James Madison, wadda ba ita ce mai irin wannan suna a yau ba, ta karkata ga Faransa. A zaɓen 1796 Adams ya sami ƙuri'a 71 ta wakilan zaɓe, Jefferson 68, kuma bisa tsarin lokacin wanda ya zo na biyu shi ne Mataimaki. Watau Shugaba da Mataimakinsa suna jam'iyyu biyu masu gaba da juna.

Adams ya aika da jakadu uku zuwa Faris don a sasanta. Ministan Harkokin Wajen Faransa a lokacin kuwa shi ne Talleyrand, tsohon ɗan gudun hijirar Filadelfiya. Ya ƙi karɓarsu a hukumance, ya turo 'yan aike suka ce sai an ba da toshiyar baki ta fam 50,000 da kuma rance ga Faransa kafin a soma magana. Jakadun suka ƙi. Cikin watan Afrilu 1798 aka karanta rahotonsu a wannan zaure, aka sakaya sunayen 'yan aiken da haruffan X da Y da Z, aka buga a jaridu.

Gari ya ɗau zafi. Samari suka riƙa yawo da tambarin baƙin ƙyalle a huluna, alamar goyon bayan gwamnati. A gidan wasan kwaikwayo da yake tsallaken titi daga zauren aka fara rera sabuwar waƙar kishin ƙasa, jama'a suna ta neman a maimaita. Jita-jita ta bazu cewa Faransawa za su cinna wa birnin wuta. Majalisa ta kafa Ma'aikatar Sojan Ruwa ran 30 ga watan Afrilu, ta ƙara yawan soja, aka kira Washington daga gonarsa ya sake zama babban kwamanda. Ba a taɓa shelar yaƙi ba, amma jiragen ƙasashen biyu sun yi ta harbin juna a teku har 1800. 'Yan Tarayya kuma sun daɗe da lura cewa baƙi, musamman mutanen Ailan, da zarar sun sami takardar zama 'yan ƙasa 'Yan Jamhuriya suke jefa wa ƙuri'a. Tsoron abokin gaba na waje da lissafin zaɓe na gida suka haɗu a tukunya ɗaya.

DOKOKI HUƊU

Ta farko, wadda aka sa wa hannu ran 18 ga watan Yuni, ita ce ta zama ɗan ƙasa. Dokar 1790 ta ce shekara biyu, ta 1795 ta mai da su biyar, wannan kuwa ta kai su 14, kuma sai mutum ya ba da sanarwar niyyarsa shekara biyar kafin ya nema. Ta kuma tilasta wa baƙi su yi rajista.

Ta biyu, ran 25 ga watan Yuni, ta shafi baƙi 'yan ƙasashen da ba a yaƙi da su. Ta ba Shugaban Ƙasa iko ya umurci duk baƙon da ya ga hatsari ne ga zaman lafiya ya bar ƙasar, ba tuhuma, ba shaida, ba alƙali. Wanda ya ƙi fita ana iya ɗaure shi har shekara uku. An yanke mata wa'adin shekara biyu.

Ta uku, ran 6 ga watan Yuli, ta shafi baƙi 'yan ƙasar abokan gaba. In an yi shelar yaƙi, ko an kawo wa ƙasa mamaya, Shugaba yana da ikon kamawa da tsarewa da korar duk namiji ɗan shekara 14 zuwa sama na ƙasar da ake yaƙi da ita. Wannan ba ta sha suka sosai ba, domin har 'yan hamayya sun ga dacewarta, kuma ba a yanke mata wa'adi ba.

Ta huɗu ita ce dokar hana tunzura jama'a. Dattijai sun amince da ita ran 4 ga watan Yuli, watau ranar bikin 'yancin kai, wakilai kuma suka bi baya da ƙuri'a 44 a kan 41, Adams ya sa hannu ran 14 ga wata. Duk wanda ya rubuta, ko ya buga, ko ya furta maganar ƙarya ta ɓatanci a kan gwamnati, ko majalisa, ko Shugaban Ƙasa, ana iya cinsa tarar dala 2,000 da ɗaurin shekara biyu. Abubuwa biyu sun tona asirin dokar. Na ɗaya, ba ta ambaci Mataimakin Shugaba ba, saboda haka kowa yana iya zagin Jefferson ya kwana lafiya. Na biyu, an sa ta mutu ran 3 ga watan Maris 1801, ranar ƙarshe ta wa'adin Adams.

Masu dokar suna da hujjarsu. Sun ce ta fi dokar Ingila da suka gada sauƙi, tun da ta yarda wanda ake tuhuma ya kare kansa in ya nuna gaskiya ya faɗa. Gallatin da abokansa suka amsa cewa ra'ayi ba abu ne da ake kawo wa shaida ba, kuma gyara na farko da aka yi wa tsarin mulki ya hana majalisa yin kowace doka da za ta tauye 'yancin magana ko na jarida. Wannan gyara ya tabbata ne ran 15 ga watan Disamba 1791, majalisa tana zaune a wannan ɗaki. Ko shekara bakwai bai cika ba.

GIDAN SHUGABA

In aka fito daga zauren aka bi Titi na Shida zuwa arewa, aka wuce ginin da aka ajiye shahararriyar ƙararrawar nan mai tsaga, sai a iso mahaɗar Titin Market, watau Titin Kasuwa. A nan gidan Shugaban Ƙasa yake a da. Washington ya zauna a ciki daga 1790 zuwa 1797, Adams kuma har 1800. An rushe gidan tun cikin ƙarni na 19, sai a 2010 aka buɗe wurin tunawa a kan harsashinsa.

Adams bai roƙi majalisa ta yi waɗannan dokoki ba, amma bai ƙi sa musu hannu ba, matarsa Abigail kuwa ta fito fili a wasiƙunta tana son a yi maganin jaridu. Wanda ya ɗauki aikin zartarwa da zafi shi ne Sakataren Harkokin Waje, Timothy Pickering, wanda ya riƙa bin jaridun hamayya yana aika wa lauyoyin gwamnati abin da ya tsinta.

Wannan fili yana tuna wa mai ziyara waɗansu mutane da duk muhawarar shekara biyar ko 14 ba ta shafe su ba. Tun dokar 1790 aka ce farar fata mai 'yanci kaɗai ke iya neman zama ɗan ƙasa. Washington ya riƙe bayi tara a wannan gida, yana kuma fitar da su daga jihar lokaci-lokaci don kada su cika wata shidan da dokar Pensilbaniya ta 1780 ta ce bawa ya 'yantu da su. Ɗaya daga cikinsu, Oney Judge, ta tsere cikin watan Mayu 1796. A farkon 1800 kuma baƙaƙen fata masu 'yanci na birnin, a ƙarƙashin jagorancin Absalom Jones, suka kai takardar koke Majalisar Wakilai a kan cinikin bayi, aka yi watsi da ita da ƙuri'a 85 a kan ɗaya. Sai a 1870 aka buɗe ƙofar neman zama ɗan ƙasa ga 'yan asalin Afirka, sai a 1952 kuma aka cire sharaɗin launin fata ɗungum.

OFISHIN JARIDA

Daga nan a miƙe gabas a kan Titin Kasuwa, wajen kogi. Tsakanin Titi na Huɗu da na Uku akwai jerin tsofaffin gidaje da wata ƙofa mai baka da take shiga wani fili. Nan ne gidan Benjamin Franklin yake kafin a rushe shi a 1812. Yau farin ƙarangan ƙarfe ne kawai aka kafa a 1976 don ya nuna girman gidan. A jerin gidajen gaba akwai maɗaba'a irin ta da, da kuma ofishin jaridar Aurora wanda aka sake shiryawa yadda yake.

Mai jaridar jikan Franklin ne, Benjamin Franklin Bache, wanda ya kafa ta a 1790. Ba ya ragawa kowa. Da Washington ya sauka, jaridarsa ta ce ranar murna ce. Adams kuwa ta kira shi tsoho mai sanƙo, mara haƙora. Cikin watan Mayu 1798 samari suka farfasa masa tagogi da duwatsu. Cikin watan Yuni ya buga wata wasiƙar Talleyrand tun kafin Shugaba ya miƙa ta ga majalisa, aka ce lalle ɗan leƙen asirin Faransa ne. Gwamnati ba ta ma jira sabuwar dokar ba, ta sa aka kama shi ran 26 ga watan Yuni da tsohuwar dokar ɓatanci, aka ba da belinsa, aka sa shari'a watan Oktoba.

Bai kai ba. Cikin watan Agusta zazzaɓin shawara ya ɓarke a birnin, kamar yadda ya yi a 1793 sa'ad da ya kashe kimanin mutum 5,000. Masu hali suka gudu, Bache ya tsaya yana buga jaridarsa, ya rasu ran 10 ga watan Satumba yana da shekara 29. Bayan kwana huɗu ciwon ya ɗauke John Fenno, editan babbar jaridar da take goyon bayan gwamnati. Matar Bache, Margaret, ta sake buɗe jaridar, ta ɗora William Duane a kan kujerar edita, shi kuwa ya fi maigidansa kaifin alƙalami.

HARABAR COCI

In aka gangara kudu a kan Titi na Huɗu, bayan an ƙetare Chestnut da Walnut, sai a iso tsohon cocin Katolika na Saint Mary, wanda aka gina a 1763. Wata ranar Lahadi cikin watan Fabrairu 1799 Duane da abokansa uku suka zo harabar suna neman mutanen Ailan su sa hannu a takardar koke a kan dokar baƙi. Gardama ta kaure, ɗaya daga cikinsu ya zaro bindiga, aka kama su da laifin ta da tarzoma. Masu taya alƙali shari'a, watau mutum 12 da ake ɗaukowa daga cikin jama'a, suka wanke su nan da nan. Bayan wata uku waɗansu hafsoshin dakarun sa kai suka shiga ofishin Aurora suka jawo Duane waje suka yi masa dukan kawo wuƙa. Bai daina rubutu ba.

A maƙabartar da take bayan wannan coci aka binne John Barry, haifaffen Ailan, babban hafsan sojan ruwan Amurka, wanda yake teku yana farautar jiragen Faransa a daidai lokacin da ake cewa mutanen ƙasarsa abin tsoro ne. Mutum-mutuminsa yana tsaye a filin da yake bayan Zauren 'Yancin Kai.

Dokar korar baƙi dai ba a kori kowa da ita ba har ta mutu a 1800, amma ta yi aikinta tun kafin a zare ta daga kube. Faransawa da yawa sun tattara kayansu sun shiga jirgi a 1798, cikinsu har da masani Volney, da Moreau de Saint-Méry mai kantin littattafai kusa da bakin kogi.

WAƊANDA AKA ƊAURE

Dokar hana suka kuwa an yi aiki da ita sosai. A Filadelfiya, cikin watan Afrilu 1800, aka gurfanar da Thomas Cooper, haifaffen Ingila, gaban alƙali Samuel Chase saboda wata takarda da ya buga yana sukar Adams. Aka ɗaure shi wata shida, da tarar dala 400. Sauran shari'o'in sun faru nesa da birnin. A Dedham ta Jihar Massachusetts, David Brown, wani talaka mai yawon wa'azin siyasa, ya zuga mutane suka kafa doguwar sanda da allo mai la'antar dokokin, ya sami ɗaurin wata 18, hukunci mafi tsanani duka. A Richmond ta Jihar Virginia an ɗaure James Callender wata tara. A Newark ta Jihar New Jersey kuwa, sa'ad da ake harba igwa don girmama Adams da yake wucewa, wani mashayi mai suna Luther Baldwin ya ce shi bai damu ba ko harsashin ya bi ta bayan Shugaba. Maganar nan ta mashaya ta ja masa tarar dala 150. Ƙididdigar da aka daɗe ana kawowa ta ce mutum 10 aka yanke wa hukunci, amma binciken da aka yi daga baya a takardun kotuna ya nuna waɗanda aka tuhuma sun haura 100.

Wanda aka fara yi wa shari'a da dokar shi ne Matthew Lyon, mai awartaki. Laifinsa shi ne ya rubuta cewa Adams mai son fahariya ne da fadanci da abin duniya. Cikin watan Oktoba 1798 aka yanke masa wata huɗu da tarar dala 1,000, aka kulle shi a kurkukun garin Vergennes na Vermont, fiye da mil 300 arewa da Filadelfiya, ga hunturu yana shigowa. A nan reshe ya juye da mujiya. Daga cikin kurkuku ya ci gaba da rubutu, jama'arsa suka sake zaɓensa yana ɗaure, magoya baya suka tara kuɗin tarar. Cikin watan Fabrairu 1799 ya fito, ya kama hanyar Filadelfiya jama'a suna rakiya, ya shiga Zauren Majalisa ya zauna a kujerarsa. Aka sake neman korarsa, ƙuri'u ba su kai ba.

HUKUNCIN MASU ƘURI'A

Jefferson da Madison ba su kai ƙara kotu ba, domin alƙalan duk 'Yan Tarayya ne suka naɗa su. A asirce suka rubuta ƙudurorin da majalisun jihohin Kentucky da Virginia suka zartar a ƙarshen 1798, masu cewa dokokin sun saɓa wa tsarin mulki. Sauran jihohi ba su bi su ba, amma maganar ta shiga kunnen jama'a, jaridun hamayya kuma suka ƙaru maimakon su ragu. Ana maganin ƙaba, kai yana kumbura. Adams da kansa ya sake aika jakadu Faransa, aka yi sulhu ran 30 ga watan Satumba 1800, tsoron da aka gina dokokin a kansa ya watse.

Majalisa ta yi zamanta na ƙarshe a wannan zaure cikin watan Mayu 1800, ta ƙaura Washington. A zaɓen shekarar Adams ya sami ƙuri'a 65, Jefferson da abokin takararsa Aaron Burr kowa 73, saboda haka aka miƙa wa Majalisar Wakilai ta raba gardama. Sai a zagaye na 36, ran 17 ga watan Fabrairu 1801, Jefferson ya yi nasara, kuma Lyon ne ya jefa ƙuri'ar Vermont. Sabon Shugaba ya yafe wa waɗanda dokar ta kama, ya naɗa Gallatin Sakataren Baitulmali, muƙamin da ya riƙe har 1814. A 1802 aka mai da shekarun zama ɗan ƙasa biyar, haka kuma suke ga yawancin masu nema har yau. A 1840 majalisa ta mayar wa magadan Lyon kuɗin tararsa. A 1964 Kotun Ƙoli ta ce ko da yake ba a taɓa kawo dokar hana suka gabanta ba, tarihi ya riga ya yanke mata hukunci.

Uku sun tafi ke nan, saura ɗaya. Dokar baƙi 'yan ƙasar abokan gaba tana nan a littafin dokokin Amurka. An yi aiki da ita a yaƙin 1812 da Ingila, da Yaƙin Duniya na Farko, inda a 1918 aka faɗaɗa ta ta haɗa da mata, da kuma Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka tsare dubban 'yan ƙasashen Japan da Jamus da Italiya. Cikin watan Maris 2025 Shugaba Donald Trump ya zaro ta a kan 'yan Benezuwela da ake zargi da zama 'yan wata ƙungiyar 'yan daba, alhali ba a yi shelar yaƙi da ƙasarsu ba, aka kwashi fiye da mutum 100 zuwa kurkuku a El Salvador. Ran 7 ga watan Afrilu na shekarar Kotun Ƙoli ta ce dole a sanar da wanda za a kora, a kuma ba shi damar kai kuka gaban alƙali.

Wanda ya zaga waɗannan tituna ya dawo ya tsaya a kusurwar Titi na Shida zai iya auna abin da kansa. Dokar da ta taɓa 'yan jarida ta gamu da mutane masu alƙalami da maɗaba'a. Wadda ta taɓa masu neman zama 'yan ƙasa ta gamu da 'yan uwansu masu ƙuri'a, da jam'iyyar da take buƙatar ƙuri'un. Wadda ta taɓa baƙon da ƙasarsa take yaƙi da mai masaukinsa kuwa ba ta gamu da kowa ba, domin shi ba shi da wakili a kan waɗannan tebura, ba shi da ƙuri'ar da za a ji tsoro. Shi ya sa ta wuce shekara 225 tana jiran duk wanda zai buɗe littafin. Allah ya tsare baƙo a duk inda dare ya yi masa.